Jirgi Ba Mutane: Tarken Bugaggun Zane-zanen Jiragen Ruwa na Zamani Daga Mahangar Sarkin Yamma

Taƙaitawa

Wannan takarda tana nazarin wasu fitattun zane-zanen jiragen fasinja da jiragen yaƙi na ƙarni na 20 waɗanda aka buga aka yaɗa. Mun tsai da mai kallo a Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarunfa, domin mu ga abin da zanen ke nuna masa da abin da yake ɓoye masa. Ra'ayinmu shi ne ƙarfin waɗannan zane-zane ya dogara ne ga cire mutane daga cikin jirgi, alhali kuwa mutumin ƙasar Maraɗi ta cikin jirgi ya san teku.

1. Gabatarwa

A ƙasashen da ke bakin teku, musamman Faransa da Ingila da Amurka, akwai wani reshe na fasahar zane da ya keɓanta ga jiragen ruwa. Masu sayen irin waɗannan hotuna galibi tsofaffin ma'aikatan jirgi ne da iyalansu da masu sha'awar tara kayan tarihi, kuma ma'aunin da suke auna kyan zane da shi shi ne daidaito: shin bututun hayaƙi nawa ne, wane fenti jirgin ke ɗauke da shi a shekara kaza, bindigogin suna inda ya kamata ko kuwa. Wannan ma'auni yana da amfaninsa, ba mu raina shi ba. Sai dai muna son mu kawo wani na daban, wanda ya ƙunshi tambayoyi uku: ina mai zanen ya tsaya, wa ya gani daga nan, wa kuma ya bari a waje.

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi. Da muka ce bugaggen zane (estampe) muna nufin zanen hannu da aka fitar kofi da yawa ta hanyar bugun dutse ko na maɗaba'a. Hoton talla (affiche) wani nau'i ne nasa, wanda kamfani ke sa a yi domin a manna a bango. Jirgin fasinja (paquebot) da babban jirgin yaƙi mai sulke (cuirassé) su ne jigon nazarin. Mahanga kuwa ita ce wurin da mai zane ya ajiye idon mai kallo.

2. Teku da ƙasar Maraɗi

Mai karatu yana iya tambaya: me ya haɗa Sarkin Yamma da teku? Ƙaramar hukuma ce ta manoma daf da birnin Maraɗi, a yankin Gulbin Maraɗi, wanda ba ya gudana sai da damina. Ruwan da ya fi girma a kusa shi ne tafkin Madarunfa, inda masunta ke tuƙa kwale-kwale. Tsakanin wannan yanki da gaɓar teku mafi kusa akwai fiye da kilomita 800. Duk da haka harshen Hausa bai ɗauki jirgin ruwa baƙo ba, domin kalmar jirgi a kan ruwa ta fara. Da Turawa suka kawo dogo sai aka ce jirgin ƙasa, da suka kawo mai tashi sai aka ce jirgin sama. Haka kuma idan matsala ɗaya ta haɗa mutane, sai a ce jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin lura a wannan magana shi ne Bahaushe ya dubi jirgi ta wajen waɗanda ke cikinsa.

Tarihi ma ya bi wannan hanya. Abubuwa uku suka haɗa ƙasar Maraɗi da manyan jiragen ruwa. Na farko gyaɗa, ko gujiya a bakin mutanen yankin. Dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga shekarun 1930 Maraɗi ta zama babbar cibiyar cinikin gyaɗa, ana kai ta Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Legas. A shekarun 1950 hukumar mulkin mallaka ta buɗe wata hanyar ta Paraku zuwa Kwatano, wadda aka sa wa suna Opération Hirondelle. Emmanuel Grégoire ya bayyana yadda wannan ciniki ya haifar da attajiran garin a littafinsa Les Alhazai de Maradi na 1986. Na biyu aikin soja: samarin Nijar da Faransa ta ɗauka cikin rundunar da take kira tirailleurs sun ƙetare teku zuwa Turai da Indocin, kuma Seyni Kountché, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya yi aiki a Indocin. Na uku aikin hajji, domin kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyata kan bi ta Cadi da Sudan har Sawakin, sannan jirgin ruwa ya ƙetarar da su Jidda.

Wato ke nan, a duk hanyoyin nan uku, rabon mutumin wannan yanki shi ne rumbun kaya da ƙasan bene. Da wannan ido za mu dubi hotunan.

3. Jirgin fasinja: dutsen da ke tafiya

Babu hoton tallan jirgi da ya kai na Normandie shahara, wanda A. M. Cassandre (1901–1968) ya zana a 1935, shekarar da jirgin ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Niyok. Tsarinsa mai sauƙi ne. Mai kallo yana ƙasa, daidai fuskar ruwa, goshin jirgin kuma ya miƙe a gabansa baƙi ƙirin, ya cika takardar tun daga ƙasa har kusan sama. An raba hoton gida biyu daidai, haske a gefe ɗaya, inuwa a ɗayan. Tsawon jirgin, wanda ya kai mita 313, ba a nuna shi ko kaɗan, tsayi kawai aka bari. Abin da ke sanar da mu girmansa ƴan tsuntsaye ne farare a gindinsa. Shekara huɗu kafin nan Cassandre ya yi amfani da wannan dabara a hoton L'Atlantique, inda wani ɗan ƙaramin jirgin ja ya tsaya a matsayin tsuntsayen.

Dole mu yarda cewa aikin ya kai aiki. Mutum zai gane shi daga nesa, cikin ƙiftawar ido, kuma ba zai manta ba. Cassandre da kansa ya kamanta mai zanen talla da ma'aikacin gidan waya, wanda aikinsa isar da saƙo ne kawai, ba ƙirƙirarsa ba. To, mene ne saƙon? Jirgin na ɗaukar fasinja kusan 2,000 da ma'aikata fiye da 1,300, amma babu mutum ko ɗaya a hoton. Ba taga da ta nuna fuska, ba hannu da ke ɗagawa. An mai da jirgi dutse, an sa mai kallo a gindinsa yana ɗaga kai. A ganinmu saƙon bai wuce wannan ba: ga ikon ƙasar da ta ƙera wannan abu, kai kuwa ga matsayinka.

Wani zai ce ai akwai zane-zanen da suka buɗe cikin jirgi. Haka ne. Albert Sébille ya zana Normandie kamar an tsaga shi gida biyu daga goshi zuwa ƙarshe, mujallar L'Illustration ta buga a 1935. A nan ana ganin zauren cin abinci da ɗakunan kwana da ɗakin girki da injuna, har da mutane ƙanana kamar tururuwa. Amma idan aka lura, zanen taswirar matsayi ne: masu hali a tsakiya da sama inda haske yake, masu aiki a ƙasa. Mutanen da ke ciki alamu ne da ke nuna amfanin kowane ɗaki, kamar yadda magini kan sa ɗan mutum a taswirar gida don a gane tsayin ƙofa.

Idan muka juyo ga layin Afirka ta Yamma, sai al'amarin ya ƙara shafar mu. Kamfanin Chargeurs Réunis, mai tuta da jajayen taurari biyar, ya riƙe hanyar Bordo zuwa Dakar da sauran tashoshin gaɓar teku tun ƙarshen ƙarni na 19, kamfanonin Fraissinet da Fabre suna tasowa daga Marsel, Elder Dempster kuma yana haɗa Ingila da Legas, har zuwa 1974 da jirginsa Aureol ya daina wannan zirga-zirga. Masu zane irin su Sandy-Hook (Georges Taboureau, 1879–1960) sun yi wa kamfanonin Faransa hotunan talla masu yawa. A irin hotunan da aka yi wa layukan ƙasashen zafi, ɗan ƙasa yakan fito, amma a ina? A gaba-gaba, cikin kwale-kwale ko ƙarƙashin bishiyar kwakwa, yana kallon babban jirgin da ke nesa. Aikinsa a cikin tsarin hoton shi ne aikin tsuntsayen Cassandre, wato ya zama ma'aunin girman jirgi. Masuncin Madarunfa da zai ga irin wannan hoto zai gane kansa nan take, kuma zai gane cewa ba shi aka zo zanawa ba. Buhunan gyaɗar da ke cikin rumbun, da ƴan dakon da suka loda su, da fasinjojin da suka kwana a kan bene, duk suna bayan fentin. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

4. Jirgin yaƙi: misalin Richelieu

Zanen jirgin yaƙi yana da nasa ƙa'idoji, kuma a Faransa har hukuma ta tsaya masa. Tun 1830 akwai muƙamin mai zanen rundunar ruwa (peintre de la Marine), wanda ke ba mai shi damar shiga jiragen yaƙi da kuma sa alamar anga a gefen sa hannunsa. Marin-Marie da Albert Brenet suna cikin waɗanda suka riƙe shi a ƙarni na 20. Tsarin da aka fi bi sananne ne: jirgin yana tahowa a karkace, goshinsa na keta ruwa, kumfa fari fat a gefensa, bindigogi a ɗage, sararin sama cike da hadari ko hayaƙi. Kyau ne irin na ɗan maciji.

Mun zaɓi Richelieu domin tarihinsa ya taɓa Nijar kai tsaye. Jirgi ne mai tsawon kusan mita 248, da manyan bindigogi takwas masu bakin milimita 380, dukkansu a gaba, abin da ya sa masu zane ke son ɗaukarsa ta goshi. Ya tsere daga Brest a watan Yuni na 1940, ba a ma gama aikinsa ba, ya fake a Dakar. Daga 23 zuwa 25 ga Satumba na wannan shekara, rundunar Ingila tare da mutanen Janar de Gaulle suka yi ƙoƙarin karɓe Dakar, ba su yi nasara ba. Sakamakon haka Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar, ta zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy da Gwamna Pierre Boisson har ƙarshen 1942, alhali Cadi ta riga ta bi de Gaulle tun Agusta 1940, Nijeriya kuma tana hannun Ingila. Iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, wadda dangi da fatake ke ƙetarawa kullum, ta zama iyaka tsakanin ɓangarori biyu masu gaba da juna.

Kuskure biyu muke gani a irin hoton da ke nuna Richelieu cikin ɗaukakarsa. Na farko ya shafi gaskiyar yaƙin. Manyan bindigogin da ido ke fara sauka a kansu ba su taɓuka abin kirki ba a Dakar, har ma wasunsu suka lalace wajen harbi. Abin da ya karya lagon maharan shi ne bindigogin gaɓar teku da wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Bévéziers, wanda ya ragargaza gefen jirgin Ingila Resolution a ranar 25 ga Satumba. Zane yana bin abin da ke da kyan gani, ba lalle abin da ya yi aiki ba. Kuskure na biyu ya fi nauyi. Harsasan da aka harba sun faɗa cikin gari, sun kashe gomman fararen hula mazauna Dakar. Mai zanen da ya tsaya a kan teku ya juya wa garin baya, don haka hayaƙin da ke hotonsa ado ne kawai.

Haka abin yake ga Pasteur, jirgi mai ƙaton bututu guda, wanda daga 1945 zuwa 1956 ya yi ta jigilar sojoji tsakanin Marsel da Saigon, dubbai a kowace tafiya, ciki har da ƴan Afirka. Bututun nan shi ne abin da hotunansa suka adana.

5. Lokacin da mutane ke fitowa

Akwai wuri ɗaya da wannan fasaha ke barin mutane su cika hoto, shi ne lokacin da jirgi zai nutse. A zanen da Bajamushe Willy Stöwer ya yi a 1912 kan nutsewar Titanic, kwale-kwalen ceto ne a gaba, cike da mutane, wasu kuma suna cikin ruwa. Masu auna daidaito sun daɗe suna kushe shi, domin ya sa bututu na huɗu yana fitar da baƙin hayaƙi alhali ba a haɗa shi da tukunyar injin ba. Mu kuwa abin da muka lura da shi daban ne: sai da ƙarfe ya kasa, sannan aka tuna da waɗanda yake ɗauke da su. Ko a nan ma zanen bai bambanta su ba, ga shi kuwa kusan kashi 60 cikin 100 na fasinjojin aji na ɗaya sun tsira, na aji na uku kuwa kusan kashi 25 kawai.

Titanic shi ne jirgin da ya fi kowane shiga ƙasar Hausa. Zane-zanen Ken Marschall, musamman na littafin da ya fito a 1992, sun yi tasiri ga fim ɗin James Cameron na 1997, fim ɗin kuma ya bazu a kasuwannin kaset. A 2003 aka fitar da fim ɗin Hausa mai suna Masoyiyata, wanda aka gina a kan wannan labari, kamar yadda Matthias Krings ya yi nazari a littafinsa African Appropriations na 2015. Abin da masu fim ɗin Hausa suka ɗauka shi ne labarin masoya biyu da bambancin matsayi ya raba. Sun shiga cikin jirgin ne, kamar yadda harshensu ya saba.

Sai dai akwai wani jirgi da ya fi Titanic kusa da mu, wanda kaɗan daga cikin ɗalibanmu suka taɓa jin sunansa. Afrique, na kamfanin Chargeurs Réunis, ya bar Bordo a ranar 9 ga Janairu 1920 zai nufi Dakar, ya nutse a ranar 12 ga wata kusa da gaɓar Faransa. Mutum 602 ne a ciki, 34 kaɗai suka tsira. Daga cikin fasinjojin akwai sojojin Afirka 192 da ke komawa gida bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasan bene. Kwana kaɗan bayan haka, a 17 ga Janairu, zaɓen shugaban ƙasar Faransa ya ɗauke hankalin jama'a. Sunan da aka fi tunawa a cikin mamatan shi ne na Hyacinthe Jalabert, babban limamin Katolika na Dakar. Shekara ɗari bayan haɗarin, ƙungiyar Mémoires et Partages ta Bordo tana cikin masu fafutukar a tuna da sojojin. Afrique bai samu mai zanen da ya ɗaga shi kamar yadda Stöwer da Marschall suka ɗaga Titanic ba, kuma wannan rashi hujja ce a kan abin da kasuwar hotunan ke so.

6. Wata mahanga

Za a iya yi mana ƙorafi ta fuska biyu. Na farko, cewa hoton talla ba littafin tarihi ba ne, kuma wanda ya biya shi ke faɗin abin da za a zana. Mun yarda, amma wannan bayani ne na dalili, bai wanke sakamakon ba, musamman tun da hotunan sun bar bangon ofishin kamfani sun shiga gidajen tarihi da littattafan makaranta a matsayin shaida. Na biyu, cewa rashin mutane na iya zama alheri a wajen mai kallo Musulmi da ke ƙyamar hoton mai rai a ɗakinsa. Wannan gaskiya ne, kuma yana nuna cewa hoto ɗaya na iya samun karɓuwa a wurare biyu bisa dalilai mabambanta.

Amma Afirka ta Yamma ta riga ta ba da tata amsa a zane. A Senegal, masu zanen gilashi, wanda ake kira suwer, sun daɗe suna zana wani jirgin Turawa na zamani. A watan Satumba na 1895 hukumar mulkin mallaka ta sa Shaihu Ahmadu Bamba a jirgi daga Dakar, ta kai shi gudun dole Gabon, bai dawo ba sai 1902. Muridansa suna ba da labarin cewa da aka hana shi salla a cikin jirgin, sai ya shimfiɗa buzunsa a kan ruwa ya yi sallarsa. A zane-zanen wannan labari, Shaihun ne a gaba cikin fararen kaya, jirgin yana gefe ko a baya, ma'aikatansa sun jeru suna kallo. Idan muka ajiye wannan kusa da hoton Cassandre, za mu ga an juya tsarin gaba ɗaya. Fasinjan dole ya zama jigo, jirgin kuma ya koma ma'aunin girmansa. Ba mu ce mai zanen gilashi ya fi Cassandre iya sarrafa layi da launi ba. Abin da muke cewa shi ne ya tsaya a wani wuri daban, saboda haka ya ga wani abu daban.

7. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa bugaggun zane-zanen jiragen fasinja da na yaƙi suna samun kwarjininsu ne ta hanyar ajiye mai kallo a waje da kuma ƙasa, da share mutanen da ke ciki. Idan ɗan Afirka ya fito, ma'auni ne. Idan taron jama'a ya fito, to jirgi na nutsewa. Wannan bai hana mu yaba gwanintar masu zanen ba, kuma ba mu ba da shawarar a kawar da hotunan daga aji ba. Shawararmu ga malamai ita ce a riƙa koyar da su bibbiyu: hoton tallan Chargeurs Réunis tare da labarin Afrique, hoton Richelieu tare da abin da ya samu Dakar da iyakar Maraɗi, hoton Normandie tare da zanen gilashin Senegal.

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike kuwa, aikin yana nan kusa da gida. A Sarkin Yamma da sauran ƙauyukan Madarunfa, ya kamata a bi gidajen tsofaffin sojoji da na alhazan da suka tafi ta ƙasa, a tambayi ƴaƴansu da jikokinsu abin da aka gaya masu game da cikin jirgi: inda aka kwana, abin da aka ci, yadda aka gane alƙibla, wa ya rasu a hanya. Waɗanda suka yi tafiyar da ƙafarsu sun kusa ƙarewa, saboda haka aikin ba ya son jinkiri.